Babur a Ƙofar Gidan Malam Salihu

Ranar da Nata'ala ya fara zuwa shagon Malam Salihu a Yakasai, da ƙunshi ya zo, ya rungume shi cikin farin ƙyalle kamar mai kai jariri asibiti. Malam ya tafi ta'aziyya, 'yarsa Zaituna ce a shagon. Shagon kayan gyaran babur ne, a jikin gidansu yake, daidai bakin lungu. Tun da idon Malam ya fara rauni ita ke karanta masa lambobin kaya, har ta kai ta fi shi sanin su, ba tare da kowa ya ba ta satifiket ba.

Ya warware ƙyallen a hankali. Kafireto ne, abin da ke haɗa fetur da iska a inji, tsagagge, an yi masa walda har sau uku.

Ta juya shi sau ɗaya ta ce, "Wannan ai ya girme ka."

Ya yi murmushi kamar an yabi danginsa. Ta tambaye shi na wane babur ne, kuma ta yi nadamar tambayar, don sai da ya yi kusan awa yana bayani. Ƙaton babur ne irin wanda Turawa ke keta sahara da shi. Mahaifinsa ya saye shi a hannun wani Bature tun kafin a haife shi, ya rasu ya bar masa. Shekara biyu ke nan yana kwance a zaure. Ya zaga Ƙofar Ruwa, ya zaga Sabon Gari, kowa sai ya ce ya dawo jibi. Sunan babur ɗin Tsohuwa.

Shi tela ne a Ƙofar Mata, tef ɗin awo ba ya barin wuyansa. Ta lura yana da fararen haƙora da haƙuri. Shi kuma ya lura ta faɗi lambar kafireton da ka.

Daga nan kullum bayan la'asar sai ga shi. Da farko fulogi yake tambaya, daga baya ya daina wahalar da kansa da neman dalili. Yana ce mata Injiniyata, tana ce masa Mai Jinya. Matsalar ɗaya ce: duk hirar da aka fara, a kan Tsohuwa take ƙarewa. Ranar da ta sa sabon leshi bai gani ba, amma ya nuna mata hoton rigar da ya ɗinka wa babur, ta shadda, har da aiki a wuya. Zaituna ta ce ta yi kyau. Da ya tafi ta tura masa saƙo:

"Mai Jinya, ka gaishe min da mai rigar shadda. Mu masu rai mun gode da ziyara."

Ya amsa: "Injiniyata, ke ce a zuciya, ita a zaure take. Gobe zan auna ki da ido in ɗinka miki wadda ta fi tata."

Ta karanta sau huɗu, ta rubuta masa: "To."

Da maganar ta kai kunnen Malam Salihu, bai ɗaga murya ba. Ya ce ya shekara talatin yana sayar da kayan babur, ya san irin mazan nan. Mutum ya zauna gaban mataccen ƙarfe yana shafa shi, aikin mutane na jiransa a kan keke. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya fara abu ya kasa ƙarasawa ba. Ya sa aka kira Nata'ala zaure.

"In na ji ƙarar abin nan a ƙofar gidana kafin azumi, ka turo manyanka. In azumi ya kama ban ji ba, ka sake hanya, ita ma ta huta."

Saura wata biyu. Zaituna ta buga waya Agadas, ta buga Kwatano, ta tura hoton kafireton ga duk dillalin da babanta ya taɓa sani. Wani ya aiko da na janareto ya rantse ɗaya ne.

Ana cikin haka Nazeer ya bayyana. Nazeer ya yi kwas na wata shida a ƙasar waje, ya dawo harshensa ya ƙi komawa daidai. Yana da sabon babur na tafiyar duniya, mai manyan akwatunan ƙarfe a gefe biyu, kowanne an manna masa tutocin ƙasashe. Tafiya mafi nisa da aka tabbatar ya yi ita ce Wudil. A zafin Kano yake sa rigar fata da safar hannu, hular kwano kuma sai ya gama gaisawa yake cirewa, don a samu lokacin kallonta.

Ranar Talata Nata'ala ya karyo kwana ya ga babur ɗin a kafe daidai ƙofar gidan su Zaituna. A cikin gari kuwa ba a tambayar wa ke neman wa. Abin hawan da ke ƙofar gida ake dubawa. Ya juya bai ƙarasa ba. Alhamis ya sake ganinsa. Asabar ma haka, har da Zaituna a tsaye tana magana da mai shi, tana dariya, dariyar da shi sai ya yi wata guda bai samu ba. Mai shayin bakin titi ya zuba masa shayi ya ce ya yi haƙuri, haka duniya take. Matan unguwa kuwa har sun fara tambayar kalar anko.

Ya rubuta: "Na ga mai lafiyayyen babur. Allah ya sanya alheri. Mu masu jinya mun koma gefe."

Ta amsa: "Amin. Ka gaishe da Tsohuwa."

Mako uku bai zo ba. Ya ɓata wuyan riguna biyu, ya ɗinka wa wani Alhaji wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Ita ma ba daɗi take ji ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san inda yake, yana zaure yana goge tanki, yana ba ƙarfe labarin abin da ta yi masa. Ta sayar wa wani da sarƙa a madadin birki.

Saura kwana shida azumi ta tura masa: "Ka zo bayan la'asar. Ka taho da tef ɗinka. In ba ka zo ba, shi ke nan."

Ya zo fuska a ɗaure, ga babur ɗin Nazeer a wurinsa na kullum. Ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ta ce ya auna mata faɗin babur ɗin, daga akwati zuwa akwati. Ya ce shi ba abin wasa ba ne. Ta ce ta sani, ya auna. Ya auna, inci arba'in da biyu. Ta ce to ya auna bakin lungu. Ya durƙusa ya auna, talatin da takwas.

Yana durƙushe sai ga Nazeer ya fito daga can ƙuryar lungun, yana ƙamshin turaren wuta, Sa'ida 'yar gida na biyar ta rako shi tana sunne kai. Nazeer ya ɗaga masa safar hannu ya ce masa wani abu da Turanci.

"Wajen Sa'ida yake zuwa," in ji Zaituna. "Babur ɗin da zai zaga duniya ne ya kasa shiga lungunmu."

Nata'ala ya miƙe yana naɗe tef. Ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, to dariyar fa ta mece ce.

Ta shiga shago ta fito da ƙunshi cikin farin ƙyalle. Ta ce Nazeer yana da wurin shan shayi da yake kira kafe, ya rataye wani tsohon babur na sahara a bango don masu ɗaukar hoto, an ɗora masa tukunyar fulawa a kan sirdi. A wayarsa ta ga hoton, ta gane irin Tsohuwa ne. Sai ta ce masa ƙofar gidansu ba filin gwamnati ba ce, in yana son ajiye babur, ya kawo kafireton na bango. Dariyar kuwa, ya tambaye ta ne wane ɓangare ne kafireto.

Nata'ala ya buɗe ƙyallen. Ya daɗe yana kallon abin, har ta fara jin haushi, sai ya ajiye shi a kan benci, ya juya masa baya, ya dube ta.

"Na zalunce ki, Injiniyata. Ki yafe min."

"Ka ɗauke shi daga nan kafin ƙura ta shiga. Yafiya sai Tsohuwa ta tashi."

Kwana uku ya yi da bakanike, suna wankewa da fetur, suna saiti, ita tana karanta musu littafin babur ɗin ta waya. Ana jibi azumi, da hantsi, wata ƙara ta taso daga bakin titi, kaji suka watse, awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Nata'ala ne a kan Tsohuwa. Malam Salihu ya fito daga shago ya kasa kunne. Ya ce a ƙara ba babur ɗin wuta. Aka ƙara. Ya gyaɗa kai ya ce iska ta ɗan yi masa yawa, amma a turo manya.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Kayan lefe duk ɗinkin ango ne, kuma Zaituna ta ƙirga, riga goma sha biyu masu aiki a wuya, Tsohuwa har yanzu ɗaya gare ta. Nazeer ya halarci ɗaurin aure da hular kwano, ya ajiye babur ɗinsa a bakin titi, don ƙofar gidan ta yi mai ita.

Da za a kai amarya Malam Salihu ya sa musu albarka, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya raba su da zargi. Kowa ya ce amin. Tana cikin mota, lulluɓe, wayarta ta yi ƙara.

"Amaryata, na rufe Tsohuwa tun azahar, ko leƙa ta ban yi ba."

Ta share hawaye ta rubuta: "Allah ya yi maka albarka. Ka dai rufe mata fetur."