Kwalbar da Aka Ajiye wa Auta

Mai turare na shirin rufe shago bayan isha'i sai ga wata mata ta shigo, ta ja mayafi har kan hanci. Ko takunta ba a ji ba.

"Wancan nake so," in ji matar, tana nuna wata 'yar kwalba mai ƙamshin lemo da furanni, irin wanda ba ya hawa kai.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah, ba na sayarwa ba ne. Autarmu na ajiye wa, na ce sai an sallamo ta daga asibiti. Wata takwas ke nan da rasuwarta."

"Ko sau ɗaya ki fesa min."

Muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa, amma mai turare ta kasa hana ta. Matar ta miƙo siririn hannu, ita kuma ta fesa. Ƙamshi mai sanyi ya gauraye shagon. Sai dai feshin duk a kan gilashin teburin shagon ya sauka, hannun kuwa a bushe.

Matar ta kai hannun hancinta, ta daɗe tana shaƙa. Can kafaɗunta suka saki.

"Yaya," ta ce a hankali, "ba na jin komai."