Ƙasar Bakin Ƙofa

Sau uku Darmaji yana neman shugabancin majalisar matasan yankinsu, sau uku 'ya'yan masu hali suna kayar da shi. Ya gaji. Wata Alhamis da azahar ya hau babur zuwa bayan gonakin shinkafa, wurin boka Mbah Sarikun.

Gindin wata tsohuwar bishiya ya same shi. An naɗe ta da farin ƙyalle da hayaƙin turare ya dafar. Ga furanni a faranti, ga kan baƙin zakara ƙudaje na bi.

"Kujerar kake so, ɗan nan, ko abin da ke ƙarƙashinta?"

"Duka biyu, Mbah."

"To, ɗebo mini ƙasar da aka binne mabiyiyarka. Mai ƙasar shi zai biya."

"Da me?"

"Da kwanansa."

Shekararsa ashirin da shida. Ya ga kwana kam yana da na bayarwa. Ya ɗebo ƙasar daga dama da ƙofar gidansu, boka ya kwaɓa ta da jini, ya shafe wata gudumar katako da ita.

"In za ka rufe zama, buga sau uku, yadda kuka saba."

Aka zaɓe shi. In ya ce "An amince?" zaure ya amsa baki ɗaya. Sai ga kwangiloli, ga mota, ga aure, har da ɗa namiji.

Ranar da ya rufe zaman farko, ƙanensa Lukito ya faɗi a gona, bai tashi ba. Zama na biyu, bayan shekara, autansu Gatot ya zare, yana bin kasuwa yana ƙwanƙwasa teburan mutane sau uku uku, har aka tsinci gawarsa a magudanar ruwa. Shi kuwa Darmaji ko ciwon kai bai yi ba.

Bayan jana'iza ya tarar da mahaifiyarsa, wadda suke kira Bu, tana tsince shinkafa.

"Bu, ina aka binne mabiyiyar su Lukito?"

"Dama da ƙofa mana, wurin maza." Ba ta ɗago ba. "Rami ɗaya na yi muku, don kada ku rabu. Ta jaririnka ma can na sa."

A ranar ya jefa gudumar a kogi, ya ajiye muƙami. Amma hannunsa na dama bai ajiye ba, kullum yana neman abin bugawa. Yau yana ɗakin uwarsa, hannun ɗaure da igiya, nesa da duk wani katako, yana kasa kunne ko yaron na numfashi.

Kai mai haɗamar kujera, ka sani ba kai kaɗai ba ne a ƙasar da kake shirin ɗebowa.