Katakan Ƙofar Madatsa

Wata Juma'a ce ta farkon damina, hadari ya haɗo ya watse bai zubar ba. Nasrullahi na cikin ruwa har ƙugu yana janye kainuwa daga ƙofar wata ƙaramar madatsa da yake kula da ita a gefen Argungu, inda mutane ke zuwa shan iska da shiga kwalekwale. Sai ga Kausar ta biyo ta kan bangon, ɗauke da abincin mahaifinta.

"Mai ruwa, kihi kaka nema ko haki?"

"Tun sahe haki nika samu, sai yanzu Allah ya dube ni."

Ta rufe fuska da mayafi, amma ba ta yi sauri ba.

Gonar shinkafar mahaifinta, Malam Hodi, tana ƙasan ƙofar. Da maganar aure ta taso, ya ce ba ya ba mai gadin ruwa ɗiyarsa.

Da ruwa ya yi nauyi, wata tsaga da ke jikin bangon ta fara tsiyaya. A ƙa'ida, katakan ƙofar ake zarewa ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya ragu a hankali. Sau uku Nasrullahi yana sanar da kwamitin madatsar, suna cewa a bari sai baƙin Sallah sun watse.

Ranar Sallah ta biyu tsagar ta buɗe. Ya rubuta wa Kausar saƙo ta waya:

"Kausar tawa, in na zare katakan duka, shinkahwar Baba ta tahi, ke ma na rasa ki. In na bari, bango na hwaɗa ma masu wanki a gindinsa. Ban san mi zan yi ba."

"Mai ruwana, ni ma ban sani ba. Inna na can tana wanki."

Ya zare su.

Malam Hodi na tsaye a kan tudu har ruwa ya shanye gonar. Sai bayan kwana uku ya zo bakin bangon, ya zura hannu cikin tsagar har gwiwar hannu. Ya daɗe a tsugune.

"Yaro, ka turo manyanka."

Bayan damina aka ɗaura auren. Liman ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Malam Hodi ya amsa da amin har sau biyu.

Abin da aka rasa: buhu arba'in na shinkafa, kwalekwale biyu, da aikin Nasrullahi. Rai ko ɗaya bai tafi ba.