Baƙuwar Sagara

"Riƙe mini ita, amma kada ka matse mata fikafikai."

Da wannan Mansura ta tarbi Nu'uman a zaure, maimakon amsar da ya taso tun daga Malam Madori domin ya ji. Sagarar kazar da ya kawo wa kakarta Hajja jiya take nufi. Kajin gidan sun taru sun caccake mata kai har fata ta ɗaye.

Mansura ta shiga gida ta fito da ruwan ɗumi, ta tuna ba ta ɗauko gishiri ba, ta sake komawa. Sannan ta fara goge jinin da auduga.

"Mansura, Kawu Ja'afaru yana jirana. Ko su zo neman aure, ko a bar zancen."

"Karkato kanta kaɗan..."

"Hasken idona, dube ni."

Ba ta dube shi ba. "Wa zan bar wa Hajja? Idonta ya tafi, ni kaɗai na rage mata. Ko bana da kogi ya ci katangarmu, rantsuwa ta yi ba za ta bar ɗakin da Baba ya gina mata ba."

"Na ce mu tafi da ita."

"Ka ga abin da ake yi wa baƙo?" Ta nuna raunin da haɓa. "Wannan ma kaza ce, mai ido biyu."

Sagarar ta zabura, ya lallaɓa ta a ƙirjinsa, jini ya ɓata masa farar shadda. Mansura ta dama shuni a murfin kwalba, ta shafe wurin a hankali har jan ya ɓace.

"Shunin na mene ne?"

"Muddin suna ganin ja ba za su ƙyale ta ba, sai sun kashe ta."

Ya ƙura wa shunin ido. Ta miƙe, ta zauna, ta gyara mayafin da bai zame ba. A ranta tana maimaita addu'ar neman zaɓi, tana kuma tsoron zaɓin.

"To, ni zan zo," in ji shi. "Ɗakin Babanki babu kowa a ciki. In gyara katangar, in riƙa zuwa aiki a babur."

Sai yanzu ta ɗago. "Zaman gidan surukai? Ka san sunan da za su sa maka a majalisa? 'Yan'uwanka ma..."

"Na sani. Gara su caccake ni da su caccaki Hajja."

Hawayen da take dannewa tun safe suka zubo. Sai ga ƙarar sanda daga tsakar gida, Hajja tana laluben bango.

"Wa nake ji, angona ne? Ka kawo mini kaza ba lafiya, yanzu kuma ɗakin ɗana kake so?"

Nu'uman ya durƙusa, sagarar na hannunsa. "Idan kin yarje, Hajja."

Tsohuwar ta lalubi kansa ta dafa, ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba.

"Ke 'yar nan, baƙuwar kaza ba a sakinta haka. Kife ta da kwando a tsakiyarsu, su gan ta, su gaji da kallo. Da kansu za su saba." Ta ɗan bubbuga hularsa. "Shi ma haka za mu yi masa."

Mansura ta yi dariya cikin kuka.

"Tashi ka gaya wa kawun naka su zo," in ji Hajja. "Allah Ya yi muku albarka. Amma ka fara ɗauko kwandon, yana bayan rumbu. Ai gidanku ne, sai ka fara koyon hanya."