Zinarin Hajiya Ya Yi Fari

Da hantsi aka kira Insfekta Zailani wani tsohon gida kusa da Ƙofar Doka. Hajiya Sa'ida ta rasu, likitan da ya duba gawar kuma ya ce bai yarda da yadda dasashinta ya yi baƙi ba.

Matan gidan sun yi cirko-cirko, ba mai son kusantar ɗakin marigayiyar.

"Mutanen ɓoye ne, Yallaɓai," in ji Rakiya, matar ɗan marigayiyar. "Wata uku tana rawar jiki, tana hira da bango. Yanzu sun koma kan 'yata Raihana, don tare suke kwana da Hajiya."

Yarinyar tana zaune a tabarma, miyau na zuba, kofi na karkarwa a hannunta. Zailani ya dube ta da kyau.

Ya shiga ɗakin. Shiru, sai sanyi. A kan taga ya ga ɗankunne, rabinsa ya yi fari fat.

"Zinarin gado ne," in ji Rakiya daga baƙin ƙofa. "Ko shi ba su bari ba."

Zailani ya taɓa aiki a garin masu haƙar zinari. Abu ɗaya ya sani da ke kama zinari ya mai da shi haka: zaiba, ruwan ƙarfen nan da suke tace zinari da shi.

Can sama a jikin bango akwai ƙaramar kafa.

"Ina ta ɓulla?"

"Ɗakin marigayi Malam. Mijina Bala ya ce nan aljanun suke zaune, ya hana kowa zuwa."

Aka kira Bala.

"Malam Bala, ina makulli?"

"Ya ɓata, Yallaɓai. Shekara goma ba a buɗe ba."

"Shekara goma, kwaɗon ko tsatsa bai yi ba?"

Aka ɓalle ƙofar. Ga kasko da toka mai ɗumi. A ƙasa wasu ɗigo masu walƙiya suna gangarawa, suna haɗewa kamar masu rai. Zailani ya toshe hanci, ya kori kowa baya.

"Ban san wannan ba," in ji Bala.

"To," in ji Zailani. "Tururin zaiba ba shi da wari, ba a ganinsa, ƙwaƙwalwa yake ci. Idan aljanu ne, Raihana ta zauna a yi mata turare. Idan wannan ne, yau likita zai fara cire mata shi. Kai ne ubanta. Wanne zan rubuta?"

Bala ya dubi 'yarsa, ya durƙushe.

"Ni ne. Masu haƙa ke kawo mini zinari haɗe da zaiba, ina ƙonawa zinarin ya fito. Na ɗauka hayaƙin waje yake fita. Da Inna ta fara ciwo na gane, amma na kasa dainawa."

Rakiya ta ɗora hannu a ka.

Aka sa masa ankwa. Zailani da kansa ya ɗauki yarinyar zuwa mota. A zaure Bala ya waiwayo.

"Yallaɓai, za ta warke?"

Zailani ya ji yatsunta suna rawa a wuyansa. Ya ce wa direba, "Asibiti tukuna."