Abin da Ke Tauna a Motar Dahshuri

Rana ta yi ja a kan gonakin rake. Usta Ragab, mai gyaran wutar mota, yana shirin rufe shago sai ga tsohuwar akori-kurar Dahshuri ta tsaya tana tari, shaƙe da buhunan albasa.

"Usta, rufa min asiri," in ji Dahshuri. "Fitilun dashbod sai ƙifta ido suke, rediyo kuma kunna kanta take. Ga kaya zan kai kasuwar Sohaj."

"Motar nan ta girmi surukarka, Alhaji. Kai ta makabarta ka huta."

"Surukar ma tana nan daram. Duba min."

Ragab ya buɗe ƙofa, wani wari ya doke shi har ya ja da baya. Ba na albasa ba ne. Irin na kwatar mahauta ne da rana ta dafa.

"Me ya mutu a nan?"

"Tun da na kwana da ita a bayan tsohuwar mayanka take haka. Na wanke, na yi turare, a banza."

Ragab ya toshe hanci ya shiga. Ya zaro fiyus ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Ya ɗaure wayar da ke manne da ƙarfen mota. Fitilun suka yi haske, suka dushe, suka sake haske, kamar numfashin mai barci. Rediyo ba tasha take kamawa ba. Wani sauti ne ke fita, caɓal, caɓal, kamar tsoho marar haƙori yana fama da jijiya.

Ya fita ya cire kan batir gaba ɗaya.

Fitilun ba su mutu ba. Taunar ma ba ta tsaya ba.

"Usta," Dahshuri ya yi raɗa, "bar ta kawai."

"Ɓera ne," in ji Ragab, ko da yake bai taɓa ganin ɓera mai ba da wuta ba.

Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin dashbod, tocila a baki, ya cusa hannu bayan rediyo. Wayoyin a jiƙe suke, da ɗumi, da yauƙi kamar miyar kuɓewa. Gashi ya nannaɗe su. Wani abu fari ya faɗo masa a kumatu yana motsi. Tsutsa. Ya laluba ya ji ƙashi, an tsotse shi tas.

Taunar ta tsaya.

Wani harshe mai kaushi ya lashi tafin hannunsa, a hankali, daga wuyan hannu har kan yatsa.

"Wannan da ɗuminsa," in ji rediyo, ƙasa-ƙasa.

Wani baki ya rufe kan yatsunsa. Ba haƙori, dasashi zalla. Ya fara tsotsa.

Hannu ya shige har gwiwa.

Ragab ya buɗe baki zai yi a'uziyya, tocila ta faɗi, tsutsa ta faɗa masa a harshe.

Dahshuri ya cafki ƙafafunsa yana ja, yana karanto Ayatul Kursiyyu a hargitse. Abin bai saki ba. Kafaɗa ta fara ƙara.

Sai ladanin ƙauye ya ɗaga murya da kiran magariba.

Ɓut! Abin ya saki, suka zube ƙasa su biyu. Ragab ya yi ta kwara amai har sai da ya ga ɗaci. A cikin mota, rediyo ta yi doguwar gyatsa, fitilun suka mutu.

Washegari aka kwashe albasar, aka ja motar can bayan gari aka yar. Hannun Ragab kuwa ya yi fari ya yamutse kamar wanda ya kwana a ruwa. Ya wanke da fetur, da toka, da lemun tsami, warin yana nan. Matarsa ta ware masa kwano da cokali. Abin da ya fi ci masa rai shi ne karnukan gari. Waɗannan da ba sa ƙyale mushe, in suka shinshini hannun sai su sunkuyar da kai su ja da baya, kamar sun tarar da nama mai mai shi.