Shiru-shiru da Taron Litinin

A gaban injin fotokofi suka fara haɗuwa. Takarda ta maƙale mata a ciki, ta fi minti goma a tsaye ta kasa kiran kowa. A kamfanin, wanda aikinsa kai wa mutane kaya har gida, Shiru-shiru ake ce mata. Ita ce a teburin ƙorafi, tana amsa wayar waɗanda kayansu bai iso ba. A waya bakinta yana buɗewa, amma da ido ya yi mata yawa sai murya ta ƙi fita.

Dogo, mai tsara wa direbobi hanya, ya zo wucewa. Ya buɗe gefen injin ya zaro takardar, ya tsaya yana dubawa. Jerin unguwanni ne, kowace da yawan kayan da aka dawo da su.

"Wa ya sa ki wannan aikin?"

"Ba kowa," ta ce, idonta a ƙasa. "Na lura yawanci ba ɓata kayan ke yi ba, masu su ne ba sa gida. Da za a riƙa kiran mutum kafin direba ya tashi, da rabin ƙorafin ya ƙare."

"To ki faɗa wa Manaja a taron Litinin mana."

"Ni? A gaban mutum ashirin?"

Daga ranar, duk hutun rana sai su shiga ɗakin taro. Ya hau kujerar Manaja ya haɗe rai, ita kuma ta tsaya ta yi bayani. Ranar farko a jimla ta biyu ta sare. Sati uku suna haka, har saƙo ya fara shiga tsakani.

"Malama Shiru, yau kin yi minti huɗu ba ki kalli takalminki ba. Ni kuwa na manta ni ne Manaja, muryar kawai nake saurare."

"Ka riƙa sauraron bayanin, Dogona. Muryar ba ta cikin rahoto."

Litinin ta zo. Manaja ya tambaya ko akwai mai shawara. Ta miƙe da takardar a hannunta, ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Wani ya yi tari, wata ta danne dariya. Dogo ya tashi ya karɓi takardar ya yi bayanin tsaf. Manaja ya ce madalla, ya duba agogo, ya rufe taro.

Da yamma sakatariyar Manaja, wadda ta daɗe da sa wa Dogo ido, ta tsaya a teburin Shiru-shiru.

"Kin ji za a buɗe sabon sashe saboda shawarar nan? Wai shi za a ba. Ke dai sannu da wahala, 'yar'uwa."

Shiru-shiru ta mai da kai kan aikinta. Saƙon Dogo ya shigo: "Ki yi haƙuri, na kasa jure ganin ana miki dariya ne. Ki ba ni minti biyar." Ba ta amsa ba. Kwana shida idan ya biyo ta wannan ƙofa sai ta bi waccan.

A rana ta bakwai ta ƙwanƙwasa ofishin Manaja. Ba ta zauna ba.

"Yallaɓai, shawarar da aka kawo ranar Litinin tawa ce. Wata huɗu ina tattara bayanan. Kuma akwai abin da bai faɗa ba, don bai sani ba: kiran sai an yi shi kafin ƙarfe tara, in ba haka ba mutane sun fita."

Manaja ya jawo durowa ya miƙo mata wata takarda. Rubutun Dogo ne, da kwanan watan ranar taron, yana cewa aikin nata ne daga farko har ƙarshe.

"Na sani tun ranar," in ji Manaja. "Jira nake in ga ko za ki zo da ƙafarki. Shugabar sashe za ta yi gardama da direba goma sha biyu kullum. Ba zan ɗora wadda wani ke magana a madadinta ba. Tunda kin zo, kujerar taki ce."

Ta fito ta tura wa Dogo saƙo: "Na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba. Amma kada ka sake karɓe takarda daga hannuna, ko da zan faɗi."

"Na tuba, ranki ya daɗe. Yanzu a ƙarƙashinki nake, sai yadda kika yi da ni."

Da Dogo ya kai maganar aurensu gida, mahaifiyarsa ta ƙi. Ta ce ba ta haifi ɗan da matarsa za ta riƙa ba shi umarni a gaban jama'a ba. Wata biyu yana lallashi a banza. Shiru-shiru ta ce ya kai ta.

Ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta daɗe tana kallonta.

"An ce ke ce babba a ofis. Idan ya yi laifi fa?"

"Mama, idan ya makara zan rubuta, don aikin amana ne a hannuna. Amma shi ne mutumin da ya yi sati uku yana sauraron in'inata bai taɓa dariya ba. Ba zan iya raina shi ba, a ofis ko a gida."

Tsohuwar ta gyara zama.

"Makara kam ki rubuta, 'yata. Shekara talatin ina fama da shi ban ci nasara ba."

Takardar neman hutun ango ta teburin Shiru-shiru ta biyo. Ya nemi wata guda, ta sa hannu a kan sati biyu, daidai da nata.

Aka ɗaura aure ranar wata Asabar, direbobi goma sha biyu suka jeru da motocinsu a ƙofar gida. Mahaifiyarsa ta kama hannunsu duka biyun ta haɗa.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya sa albarka a gidanku da aikinku, ya ba ku haƙuri da juna."

Suka ce amin.